Maɓallin Hannun Hagu

Ƙarfe bakwai saura kwata, ko ruwa ake ko rana, za a ji ƙarar ƙofar gida, a ji takalmin roba yana jan ƙasa, sai muryar Gwaggo Ƙarama: "Auta, ka tashi ko sai na zo na tashe ka?"

Autan da ake wa wannan tsawa dattijo ne ɗan shekara sittin da biyu, kansa fari fat, ya yi ritaya daga gidan waya, har da jikoki. Amma a bakin yayyensa mata bai taɓa wuce Auta ba. Shi ne mahaifin Malama, wadda ke koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar da ke bayan tashar mota. Tun rasuwar mahaifiyarta, Malama kan biyo ta gidan da safe ta dafa masa shayi kafin ta wuce aiki, don haka kullum a gabanta ake yin abin.

Gwaggo Ƙarama takan shigo da riga rataye a hannunta, farar riga mai dogon hannu, ta sha guga har tana ɗaukar ido. Baba ya sa, ya ɓalla maɓallan gaba da hannun hagu, da saurin da mai hannu biyu ba zai yi ba. Ya ɓalla na wuyan hannun dama. Sai ya miƙa mata hannun hagu yana kallon wani wuri. Wannan maɓalli ɗaya ne ya gagare shi a duniya, domin da hannun dama ake ɓalla shi, hannun damansa kuwa ba ya kama komai. Yatsu huɗu sun manne da juna sun lanƙwashe cikin tafin, fatar ta yi sulɓi tana sheƙi kamar leda. Gwaggo ta ɓalla, ta ja bakin hannun rigar ta daidaita, ta ce, "To." Shi ke nan. Ko shayin ba ta cika tsayawa sha ba.

Mahaifiyar Malama, Allah ya jiƙanta, ta so ta karɓe wannan aiki farkon aurensu. Sati biyu ta yi tana riga Gwaggo ɓallawa. Gwaggo ba ta fasa zuwa ba. Takan zo ta ɓalle maɓallin, ta sake ɓalla shi, ta gaida amarya cikin ladabi, ta tafi. Da amarya ta ga abin ba na ƙarewa ba ne sai ta haƙura. Har ta bar duniya tana cewa ita dai ta auri mutum guda ne ban da wuyan hannunsa.

Labarin hannun kuwa, babu yaron da ya tashi a dangin nan bai haddace shi ba, domin Gwaggo Babba ba ta bari a manta.

Kakan Malama mai wanki da guga ne. Shagonsa a ɗakin gaba na gidan haya, iyali a ɗakin baya. Matarsa ta rasu Auta yana da wata bakwai, ta bar masa 'yan mata uku da jariri. Mutum ne mai tsabtar aiki da zafin hannu, bel ɗinsa ya fi zama a hannu a kan ƙugu. Babba ce ta zama uwa tun ba ta isa ba: ita ce girki, ita ce goyo, ita ce kama masa guga. Wata rana, in ji labarin, tsohon ya fita kai wa mutane kayansu, Babba ta shiga ciki duba tukunya. Sai Ƙarama, 'yar shekara biyar, ta ce yau ita ma sai ta yi guga. Ta sauko da dutsen guga daga kan tebur, cike da garwashi, ta dire shi a ƙasa. Auta ɗan shekara biyu ya zo ya dafa. Da tsohon ya dawo bai dake ta ba. Ya dube ta ne kawai ya ce, "Tunda kin cinye masa hannu, daga yau ke ce hannunsa."

Gwaggo Babba mace ce mai jiki da murya, mai shagon kwanuka da tukwane a kasuwa, 'ya'yanta tara, in ta yi dariya har na shago na huɗu yana ji. Duk ranar da dangi suka taru, da an gama cin abinci sai ta buga cinya ta ce, "Ku zo ku ji ranar da Ƙarama ta goge Auta!" Ta kwaikwayi tafiyar Ƙarama da dutse, ta kwaikwayi ihun Auta, yara su yi ta birgima don dariya. Malama ma ta yi, kuma har yau tana jin kunyar dariyar. Gwaggo Ƙarama takan yi murmushi tana kallon tabarma. Gwaggo ta tsakiya, mai shiru-shiru, takan tashi ta ce za ta duba ruwa a wuta, ko da babu ruwa a wuta. Ta rasu shekara goma da suka wuce, ba wanda ya taɓa tambayarta dalili.

Gwaggo Ƙarama gugar nan ta zama sana'arta. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin wanki na wani babban otal, can ƙarƙashin bene inda babu taga, sai tururi da ƙarar injin wanki da tulin zannuwan gado. A duk shekarun nan ba ta taɓa ƙona ko ƙyallen share baki ba. Ba ta kifa dutse a kan kaya ta juya baya, ko da kiranta ake. In ta tashi aiki sai ta zare waya daga bango, ta taɓa bangon, ta fita, ta dawo ta sake dubawa. Sau nawa ta sauka daga mota a rabin hanya ta koma don ta tabbatar? Abokan aikinta har suna suka sa mata, Koma-Duba, ita kuwa ko a jikinta.

Ba ta barcin rana. In gyangyaɗi ya sace ta, takan zabura ta miƙe tsaye tana haki tana waige-waige, kamar wadda aka fizgo. Kuma ba ta ɗaukar jariri. Ranar da Malama ta haifi ɗanta na fari ta miƙa mata shi a gadon asibiti, Gwaggo ta mai da hannuwanta baya ta ce, "A'a, 'yar nan, hannuna ba na ɗaukar yara ba ne. Ina ganinsa daga nan." Malama ta ji haushi ƙwarai, ta yi wata guda tana gaishe ta a daƙile.

Ta taɓa aure, da wani direban kamfani, mutumin kirki wanda kowa ke yabo. Shekararsu uku aka mai da shi wani gari mai nisa, ya ce ta haɗa kaya. Ta ce, "Wa zai ɓalla wa Auta?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Shekara biyu yana zuwa yana lallashi, daga baya suka rabu ba faɗa ba zagi. Maɓalli ɗaya fa, jama'a! Kuma dangi kaf, ciki har da masu karatu, ba wanda ya ce mata wannan hauka ne. Cewa suka yi Ƙarama akwai zumunci.

A haka ta kai shekara sittin da biyar, tana zaune ita kaɗai a ɗaki guda a saman wani kantin magani, da teburin guga da rigunan Baba guda bakwai a jere jikin bango. Tsohon dutsen na gawayi yana can saman kwabarta, ita ta roƙa a ba ta shi da aka raba kayan tsohon.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Gwaggo Babba.

A hawa na uku aka kwantar da ita, gado na kusa da taga. Matar da ke cika ƙofa ta koma kamar an zare mata iska. Ranar Talata bayan an tashi makaranta Malama ta je dubiya, babbar 'yar Gwaggon ta tare ta a baranda ido jawur ta ce likita ya ce a yi ta addu'a, kwanaki ne. Ta ce, "Kuma tun safe ke take nema. Ta ce mu duka mu fita in kin zo."

Malama ta ja kujera ta zauna. Gwaggo Babba tana kallon silin ta fara magana.

"Malama, dutsen nan na saman kwabar Ƙarama, kin taɓa ɗaga shi?"

"Na taɓa, Gwaggo. Nauyi gare shi kamar me."

"Ke da yara kike wuni. 'Yar shekara biyar za ta iya sauko da shi daga kan tebur, da wuta a ciki?"

Gaban Malama ya faɗi.

"Ni na ajiye shi," in ji Gwaggo Babba. "Rigar wani babban mutum nake gogewa, garwashi ya faɗo ya huda ta. Na ruɗe. Na dire dutsen a ƙasa, na fita da rigar tsakar gida ina ɗaga ta a rana ina kuka, ina tunanin bel. Sai na ji ihun Auta. Kafin in ɗauke shi na ji tarin babanmu a bakin layi. Shekarata goma sha uku, Malama. Wallahi na ɗauka kashe ni zai yi. Ƙarama kuwa bai taɓa dukanta ba, kamarta ɗaya da uwarmu. Sai na ce ita ce."

"Ita ba ta musa ba?"

"Yaro ne. Abin da aka gaya masa shi ne."

Fushi tsagwaronsa ya kama Malama, irin wanda ba a yi wa mara lafiya. Ta danne iyakar ƙarfinta.

"To labarin fa, Gwaggo? Shekara da shekaru kina tara mu kina ba mu muna dariya. Me ya kawo wannan?"

"Don kada ta tuna," in ji tsohuwar. Hawaye ya gangaro mata ya shiga kunne. "Duk ranar da na ga ta yi shiru tana tunani, sai tsoro ya kama ni, sai in sake ba da shi. Ta tsakiya ta gani, tana tsaye a ƙofa. Na sa ta rantse."

Ta laluɓo hannun Malama ta riƙe. Ƙarfin riƙon ya ba Malama mamaki.

"Ki gaya wa Ƙarama. Ni bakina ba zai iya farawa ba, na gwada ya fi sau ɗari. Ki gaya mata ta zo ta yafe mini. Kada in tafi da wannan a kaina, don girman Allah."

Kwana biyu Malama tana yawo da maganar kamar mai ɗauke da tukunyar ruwan zafi a kasuwa. A aji ta kasa koyar da komai, ta ba yara zane ta zauna tana kallonsu. Ta san 'yan shekara biyar ciki da waje. In ka tsare ɗaya da ido ka ce shi ya zubar da ruwa, hannunsa zai fara dubawa. In ka maimaita sau uku, gobe shi zai ba ka labarin yadda ya zubar. Ta dubi tsawonsu a jikin teburinta, yawancinsu haɓarsu ce ke kai wa. Shekara goma sha biyu tana wannan aiki, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa auna labarin gidansu da abin da take gani kullum ba. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Kuma tana tsoro. In ta yi shiru, tsohuwa za ta mutu da kayanta, Gwaggo Ƙarama ta ci gaba da ɗaukar laifin da ba nata ba har kabari. In ta faɗa, me za ta ba matar nan a madadin shekara sittin? Safiya biyu tana tsaye da butar shayi tana kallon ana ɓalla maɓallin, ta kasa haɗa ido da kowa.

Ranar Alhamis da yamma ta hau matakalar kantin magani. Ta tarar da Gwaggo Ƙarama a tsaye bakin tebur tana goge rigar gobe, ɗakin yana ƙamshin sabulu da tururi.

"A'a, Malama ce da kanta? Lafiya? Jikin Yaya ne?"

"Jikin da sauƙi, Gwaggo. Saƙo ta ba ni."

Ta faɗa mata tiryan-tiryan, ba ƙari ba ragi, idonta a kan ƙafar tebur. Da ta gama sai Gwaggo ta yi dariya.

"Allah sarki, Yaya. Ciwon ya taɓa mata kai. So take ta sauke mini kaya kafin ta tafi, na gane. Ki ce mata na gode. Amma ni na tuna, 'yar nan. Na tuna mariƙin katakon nan da ɗuminsa. Na tuna yadda na rungumo shi. Har warin ina ji."

Malama ta miƙe. Ta ja kujera ta taka, ta sauko da tsohon dutsen daga saman kwaba da hannu biyu, tana nishi, ta ɗora shi a ƙarshen teburin. Tebur ya yi ƙara.

"Gwaggo, teburin Kaka ya kai wannan tsawo?"

"Ya fi shi."

"'Yan ajina haɓarsu ce ke kai wa nan. Kuma wannan babu gawayi a ciki."

Gwaggo Ƙarama ta dubi dutsen. Ta sa hannu ɗaya ta kama mariƙin ta gwada ɗagawa, ta sake. Ta dubi gefen teburin, ta dubi ƙasa.

Wari ne ya dawo da su. Malama ce ta fara ji, ta yi tsalle ta ɗauke dutsen lantarkin da ke kife a kan rigar Baba. Ya bar sawunsa a bayan rigar, baƙi-baƙi, har ya fara cin zare. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya ba ta ƙona ƙyalle ba ta tsaya tana kallon tabon kamar a rigar wani yake.

"Tafi gida, Malama," ta ce.

"Gwaggo, ta ce ki zo ki…"

"Na ji abin da ta ce. Tafi gida."

Washegari bakwai saura kwata ta yi, ƙofa ba ta yi ƙara ba. Bakwai ta yi. Baba ya fito da rigar jiya, hannun hagu a sake, ya zauna a kujerarsa yana kallon ƙofa. Bakwai da rabi ya ce, "Je ki duba gwaggonki. Tun da nake ba ta taɓa makara ba, ko ranar da aka cire mata haƙori sai da ta zo."

Malama ta ajiye butar shayi ta durƙusa a gabansa ta gaya masa.

Ya dubi hannun da ke kan cinyarsa. Ta zaci zai yi fushi da Gwaggo Babba, amma da ya buɗe baki ba ita ya ambata ba.

"Kin ɗauka ban san tela zai iya yanke mini hannun riga ba?" ya ce. "Tun ina saurayi abokaina ke cewa in sa mai gajeren hannu in huta. Na ƙi. Na ga in ta ɓalla shi fuskarta takan ɗan saki, sai na ce bari in bar mata wannan, ko ta samu sauƙi a ranta. Ranar da direban nan ya zo ya same ni a wurin aiki yana roƙona in yi mata magana, ce masa na yi ba na shiga tsakanin miji da mata." Ya share ido da bayan hannun. "Na ɗauka alheri nake mata. Ashe ni ne igiyar."

Malama ta kai hannu za ta ɓalla masa, ya janye.

"Bar shi haka," ya ce.

Ranar Asabar ma Gwaggo Ƙarama ba ta zo ba. Malama ta je ta ƙwanƙwasa, aka amsa daga ciki cewa lafiya lau, ba a buɗe ba. Ta sauko matakala tana zagin kanta, tana cewa da ta sani da ta ja bakinta ta tsuke. Ranar Lahadi da hantsi 'yar Gwaggo Babba ta bugo waya tana kuka: jiki ya rikice, tsohuwa ba ta kiran kowa sai Ƙarama. Malama ta tari mota ta nufi kantin magani tana shirya kalaman roƙo a ranta. Ba ta buƙace su ba. Ta tarar da Gwaggo zaune a kan matakala ta ƙasa, ta yi shirin fita, jaka a cinya, idanunta sun faɗa.

"Kai ni," ta ce.

A ɗakin asibiti 'ya'ya da jikoki sun kewaye gadon. Da suka ga wadda ta shigo sai suka fice ɗaya bayan ɗaya. Malama ta juya za ta bi su, Gwaggo Ƙarama ta ce, "Ke tsaya. Ke kika ɗauko, ki ga inda za a sauke."

Ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙarshen gadon ta riƙe ƙarfen.

"Ƙarama," in ji Gwaggo Babba, muryar da ƙyar take fita. "Kin zo. Ki yafe mini, ƙanwata. Ki yafe mini don Allah."

"Yaya, tambaya na zo yi. Kwana uku ina nema a kaina ban samu ba. Duk inda na juya, kaina nake gani rungume da dutse. In ba ni ba ce, ina nake? Me nake yi a lokacin?"

Tsohuwar ta rufe ido.

"Barci kike."

"Barci?"

"A bayan ƙofar shago, kan tulin kayan da ba a wanke ba. Da yatsa a baki. Na fizgo ki na tsayar da ke kusa da dutsen, ko ido ba ki gama buɗewa ba. Auta yana ihu. Na girgiza ki na ce, 'Kin ga abin da kika yi?' Sai kika dubi hannunki kika fashe da kuka. A haka babanmu ya shigo."

Malama ta ga yatsun Gwaggo Ƙarama sun saki ƙarfen gadon ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe barci nake," ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana. "Barci kawai nake."

"Ki yafe mini, Ƙarama. Ki ce kin yafe."

Gwaggo Ƙarama ta matso. Ta gyara wa yayarta zanin rufa, ta ja gefensa ta miƙar da shi da tafin hannu, yadda ta yi wa dubban zannuwa a rayuwarta. Babu fushi a fuskarta, kuma wannan ne ya fi tsorata Malama.

"Na ji, Yaya. Ban ce a'a ba. Amma kin tashe ni ban gama ba. Bari in je in ƙarasa tukuna, in na tashi sai mu yi maganar."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Malama ta tsaya tsakanin gado da ƙofa ta rasa wadda za ta bi. Tsohuwa tana miƙo hannu tana kiran "Ƙarama, Ƙarama", 'ya'yanta suka rugo ciki suna tambayar me ya faru. Malama ta bi bayan Gwaggo Ƙarama ta baranda da gudu.

Suka shiga mota. Gwaggo ba ta ce a kai ta ɗakinta ba, gidan Baba ta ambata. Rana ta take lokacin da suka shiga. Baba yana kujerarsa, da rigar nan dai, hannun hagu a sake. Da ya gan ta ya yunƙura zai tashi.

"Yaya…" ya ce.

Ta dube shi, ta dubi wuyan hannun rigar da ke reto. Malama ta ga hannunta ya ɗan ɗaga da kansa, ya tsaya a iska, ya koma.

"Zauna abinka, Auta. Gajiya na yi."

Ta tuɓe takalmin roba a bakin ƙofa, ta wuce doguwar kujerar falo, ta kwanta ta juya fuska ga bango, ta naɗe ƙafafu. Malama ta tsaya tana jiran zaburar nan da ta sani tun tana yarinya. Minti biyar, minti goma. Numfashin Gwaggo ya yi tsawo ya yi nauyi. Ba ta zabura ba.

Baba ya rage ƙarar rediyo, daga baya ya kashe shi gaba ɗaya. Suka zauna su biyu suna gadin barcin tsohuwa 'yar shekara sittin da biyar, rana tana shigowa ta taga tana sauka a kan ƙafafunta.

Wajen ƙarfe biyu waya ta fara ruri a jakar Malama. Ta ciro ta duba. 'Yar Gwaggo Babba ce. Malama ta nuna wa Baba fuskar wayar. Ta matsa kusa da kujerar, ta sunkuya, ta kai hannu kafaɗar Gwaggo.

Baba ya ɗaga hannun dama, wanda ba ya ɗagawa a gaban mutane, ya tare ta.

"Ƙyale ta," ya ce.

"Baba, in fa…"

"Na sani. Ƙyale ta."

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri. Malama ta danne ta a ƙirji, ta fita da ita tsakar gida a kan yatsun ƙafa, ta ja ƙofar falo a hankali don kada ƙarar ta tashe ta.